Sharar gida tana zama taki idan an tsince leda

Malam, ka tambaya ko sharar gidanku za ta iya zama takin gona, tunda bolar unguwarku ta cika har tana toshe kwalbati. Lalle za ta iya, kuma manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar shara da tokar murhu da kashin awaki suna zubawa a gonakinsu kafin faɗuwar damina. Ka haƙa rami a bayan gida, ka riƙa zuba ɓawon albasa da na dankali da ragowar ganye da toka da kashin dabbobi, kana yayyafa ruwa kaɗan kana juyawa duk bayan mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi ya daina wari.

Sharaɗi ɗaya ne ba na wasa da shi, wato a ware shara tun daga tsakar gida. Shekarar da na zuba wadda ba a tsince ba a gonata, ledojin ruwa suka binnu a ƙasa, garma ta yi ta tono su har damina uku, kuma wata akuyata ta haɗiyi leda cikinta ya kumbura, sai yanka ta muka yi. Tsohon batir da fasasshen kwalba kada su shiga ramin. Robobi da gwangwani da ƙarafa kuwa ka tara su a buhu, 'yan jari-bola za su auna su a sikeli su biya ka.