Hukuncin Sayen Kulɓar Rairayi Domin Kiwo a Gida

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina son in sayi kulɓar nan ta hamada da ke nutsewa cikin yashi, in ajiye ta a gida don sha'awa. Shin ya halatta, kuma me zan lura da shi wajen saye?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan halitta ita ce Larabawa ke kira saƙanƙur, tana rayuwa a hamadun Arewacin Afirka da yankin Larabawa, tsawonta bai cika wuce santimita 20 ba. Ba ta da dafi, kuma ba ita ce tsaka ba, wadda aka yi umarni da kashe ta. Ajiye dabba don sha'awa halal ne, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanin Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. Wasu malamai sun hana cinikin ƙananan halittu masu jan ciki saboda rashin amfaninsu, amma abin da na fi rinjayarwa shi ne halacci a nan, tunda nishaɗi da kallon ikon Allah amfani ne da Shari'a ba ta kore ba.

Inda ya kamata ka tsananta, ɗan'uwa, shi ne wajen cinikin kansa. Ɗabi'arta ce ta yini a binne, saboda haka sayenta tana cikin yashi, ba ka gan ta ba kuma ba a siffanta maka ita ba, ya shiga garari, wato cinikin da ba a san haƙiƙarsa ba, wanda hadisin Abu Huraira a Muslim ya hana. Ka sa mai sayarwa ya tono ta ka duba: idanunta su kasance garau, gindin wutsiyarta a cike, ƙasusuwan ƙugunta ba su fito ba, yatsunta cikakku, babu kumburi ko majina a baki da hanci. Idan aka ajiye lafiyayya a kan yashi, nan take za ta shige ta ɓace, wadda kuwa ta kwanta laƙwas to da magana. Galibinsu daga daji ake kamo su, sukan zo da tsutsar ciki da rama, don haka ka tambaya ko tana cin abinci. Idan ya ɓoye maka aibin da ya sani ya yi algus, kuma kana da zaɓin mayar masa.

Bayan saye, ciyarwa da kulawa sun zama wajibi a kanka, saboda hadisin matar da ta shiga wuta a dalilin kyanwar da ta tsare. Tana buƙatar busasshen yashi mai laushi da zurfin da za ta nutse, da fitilar ɗumama gefe ɗaya na akwatinta, da ƙwari masu rai irin su gyare, da ɗan ruwa. Wanda ba zai iya wannan ba, ko dokar ƙasarsa ta hana, bai halatta ya saya ba. Wallahu a'alam.