GDB ya ƙi kama manhajata a sabar da muke tarayya: in nemi izinin root?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon harshen C a kan wata sabar Linux da mu da yawa muke shiga, kowa da asusunsa. Manhajata tana mutuwa a tsakiyar aiki. Na buɗe ta da GDB, manhajar bin diddigin kuskure, sai lambobi da alamun tambaya nake gani maimakon layukan da na rubuta. Da na gwada kama ta tana cikin gudana, sai ya ce "Operation not permitted". Shin in roƙi mai kula da sabar ya ba ni izinin root, wato cikakken iko a kan na'urar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, kada ka roƙa, ba ka da buƙatarsa. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma kowace maganinta yana hannunka.

Ta farko mai sauƙi ce. Idan gcc, wato mai harhaɗa rubutun C, ya mayar da rubutunka harshen na'ura, ba ya ajiye bayanin wane umarni ya fito daga wane layi, sai in ka ce masa ya ajiye. Ka sake harhaɗa manhajar da gcc -g -O0. Alamar -g tana sa ya zuba wannan bayani a cikin fayil ɗin, a tsarin da ake kira DWARF: sunayen ayyuka, lambobin layi, da inda kowace ƙima take zaune. Ita kuma -O0 tana hana shi sake tsara aikinka don neman sauri, wanda shi ke sa GDB ya riƙa tsallake layuka ko ya ce wata ƙima ta ɓace. Daga nan ka buga gdb ./manhaja, sannan run. Da ta faɗi, ka buga bt, zai jero maka wane aiki ya kira wane har zuwa layin da ta mutu. Da print za ka ga abin da ke cikin ƙimar da kake zargi. Wannan shi ne bin diddigin kuskure a matakin rubutun asali, abin da manhajar dbx ta Mark Linton ta kawo wa Unix na Berkeley a farkon shekarun 1980, kafin Richard Stallman ya rubuta GDB a 1986.

Ta biyun ita ce nake so ka fahimta sosai. GDB yana aiki ne ta wata ƙofa ta tsarin da ake kira ptrace. Duk wanda ya kama manhaja ta wannan ƙofar zai iya tsayar da ita, ya karanta duk abin da ke ƙwaƙwalwarta, ya kuma canza shi. Da haka ma ake dasa wurin tsayawa: a na'urorin x86, GDB yana cire baiti ɗaya na umarninka ya sa 0xCC a gurbinsa, manhajar na isowa nan sai ta tsaya. To ka duba, a cikin ƙwaƙwalwar manhajojin abokan aikinka akwai kalmomin sirri da makullan SSH, hanyar shiga saba daga nesa cikin tsaro. Shi ya sa Linux ba ya barin ka kama manhajar wani asusu ko kaɗan.

Za ka ce ai taka ce. Gaskiya ne, amma akwai ƙarin shinge mai suna Yama, wanda Ubuntu, wani nau'in Linux, ta kunna tun fitowar 10.10. Ka karanta fayil ɗin /proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope. In ka ga 0, kana iya kama duk wata manhaja ta asusunka. In 1 ne, sai wadda GDB ya tayar da kansa. In 2 ne, sai mai iko, 3 kuma an rufe ƙofar gaba ɗaya har a sake kunna na'urar. Mai yiwuwa taku tana kan 1. Hikimarsa ita ce, idan ɓarawo ya samu shiga ta wata manhajarka guda, ba zai tsallaka ya kwashe sirrin sauran ba. A ganina mai kula da sabarku ya yi daidai, kuma da ni ne shi, ba zan sauke wannan lamba saboda mutum ɗaya ba.

Mafita kuwa ita ce ka tayar da manhajar daga cikin GDB tun farko, kamar yadda na nuna a sama. In kuskuren ba ya zuwa sai bayan dogon lokaci, ka buga ulimit -c unlimited kafin ka tayar da ita. Idan ta mutu za ta bar fayil ɗin core, wato hoton ƙwaƙwalwarta a lokacin faɗuwa, sai ka buɗe shi da gdb ./manhaja core. A tsarin da ke amfani da systemd, mai tayar da ayyukan Linux da kula da su, coredumpctl debug ne zai nemo maka shi. Sai dai ka riƙe fayil ɗin nan da kyau, kada ka bar shi a buɗe a /tmp, wurin ajiyar da kowa ke shiga, ko ka tura wa kowa, domin duk sirrin da manhajar ta riƙe yana ciki.

Haka nan gdbserver, wanda ke ba GDB damar kama manhaja daga wata na'ura ta nesa: ba ya tambayar mai shigowa ko wane ne, saboda haka in ka buɗe shi a sabar tarayya, duk wanda ya riga ka haɗawa zai iya gudanar da umarni da sunanka. Idan malaminku ya sa ku aiki da shi, ka haɗa shi ta cikin SSH, ka kuma kashe shi da zarar ka gama.