Kilo 118 Gare Ni, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Mabera, nan Sakkwato. Shekarata 38, 'ya'yana biyar. Nauyina kilo 118, tsawona mita 1.62. Ciwon gwiwa ya sa yanzu a zaune nake sallah, an kuma ce ina da hawan jini. Na sha shayin rage ƙiba wata biyu, ban samu komai ba sai gudawa da jiri. So nake in sauke kamar kilo 40, amma da na tuna yawansa sai jikina ya yi sanyi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar sallah a zaune ita ta fi taɓa ni, don na san ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai shekarunki. Allah ya ba ki lafiya.

Ki ajiye lissafin kilo 40 a gefe tukuna. Abin da nake so ki sa a gaba shi ne kilo 6 zuwa 12 cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki. Kada ki raina shi. Wannan ragin kaɗai yana sassauta hawan jini da sukarin jini, kuma kowane kilo ɗaya da ya tafi yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a duk taku. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58.

Shayin nan ki daina shi yau. Da yawansu sinadarin filasko ne a ciki, ruwan jikinki suke fitarwa, kitsen yana nan inda yake. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan wasa da ƙoda ne, balle ga mai shan maganin hawan jini.

Kafin komai ki je asibiti, ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a auna sukarinki da ƙodarki. Idan kin taɓa shan ƙwayoyin ƙara ƙiba, irin waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe, ki gaya wa likita ba kunya, kuma in har yanzu kina sha kada ki yanke su lokaci guda da kanki. A nauyi irin naki akwai magunguna har da tiyata, amma likitan da ya duba ki ne zai yanke wannan.

A gida kuwa, da abin sha za ki fara, don a nan sukari ya fi ɓuya. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 13 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce 12 a yini, 6 ma ya fi. Ki haɗa da zoɓon da ake sayarwa a gora, kunun zaƙi, da shayin safe mai madarar gwangwani. Furarki ba zan hana ki ba, ai mu Sakkwatawa ne. Amma ki tsaya ki kalli yadda ake dama ta: dunƙule biyu, nono, sannan a kwarara sukari da ludayi ba awo. Ki dama rabin dunƙule ba sukari, ki kuma ɗauke ta a matsayin abincin rana, ba abin kora tuwo ba.

Ki riƙa zuba naki a farantinki daban, ban da cin tire ɗaya da yara, don a nan mutum bai san iyakar cikinsa ba. Rabin farantin ganye: kwaɗon zogale ko rama, kabeji, kuɓewa. Tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, sauran wake, kifi ko ƙwai. Mai ki auna da cokali, kada ki tuttula daga galan. Fanke da soye-soye sai jefi-jefi.

Tafiya bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Minti goma a tsakar gida sun isa a makon farko. Ki riƙa ƙara biyar-biyar har ki kai talatin, kwana biyar a mako. In kirji ya riƙe ko numfashi ya sarƙe, ki tsaya ki nemi likita.

Za a ce kin rame, wata ma ta tambaye ki ko maigida ya daina cefane. Ki gaya wa maigidan shirinki tun yanzu domin ya tsaya miki. Akwai kuma makonnin da sikeli zai tsaya cak. Haka jiki yake yi, ki ci gaba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ki rubuta a littafi, ki tafi da shi duk ranar ganin likita.