Baƙin wuyan 'yata ya ƙi fita da wanka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 12 tana da ƙiba tun tana ƙarama, kuma a 'yan watannin nan bayan wuyanta da hammatarta sun yi baƙi. Na ɗauka dauɗa ce, na yi ta dirzawa da soso, amma ko gezau. A asibiti an ce jikinta ya fara bijire wa insulin, sai dai kuma an ce sukarin jininta lafiya lau yake. To in suga bai hau ba, mene ne abin damuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki ajiye sosan nan, domin wannan baƙin ba dauɗa ba ne. Idan kika shafa wurin za ki ji fatar ta yi kauri da laushi, kuma abin da ke kawo hakan shi ne insulin da ya yi yawa a jini, wanda ke sa ƙwayoyin fata hayayyafa fiye da kima a wuya da hammata da matsematsi.

Insulin sinadari ne da pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa bayan an ci abinci, aikinsa kuwa shi ne shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da hanta da kitse. Idan kitse ya taru, musamman na cikin ciki da ke kewaye da hanji da hanta, sai waɗannan sassa su daina amsa masa da sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da aka yi biris da shi har sai ya ƙara ƙarfi kafin a buɗe. Pankiriyas ɗin 'yarki tana ninka aikinta ne don ta riƙe sugan a inda ya kamata, shi ya sa awon ya fito daidai, amma tana iya gazawa bayan wasu shekaru, kuma daga nan ne ciwon suga nau'i na biyu ke somawa. Shekarunta ma abin lura ne, domin balaga da kanta takan rage wa jiki jin insulin na ɗan lokaci ko ga yaron da ba shi da ƙiba, balle wanda ya shiga cikinta da teɓa.

Wannan bijirewa ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. A 1988 wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya nuna alaƙarta da hawan jini da lalacewar ma'aunin kitsen jini, tarin matsalolin da yau ake kira metabolik sindirom. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar da ma'auninsa na yara a 2007: ga ɗan shekara 10 zuwa ƙasa da 16, sai faɗin ƙugunsa ya kai na kashi 10 cikin 100 mafiya faɗin ƙugu a tsararsa, sannan a same shi da biyu daga cikin huɗu, wato kitsen jini na tiraigilisaraid da ya kai 150, ko kolestarol mai amfani da ya gaza 40, ko suga kafin karin kumallo da ya kai 100 (duk ukun a ma'aunin mg/dL), ko awon hawan jini da lambarsa ta sama ta kai 130 ko ta ƙasa ta kai 85. Saboda haka ki nemi a auna mata dukkan waɗannan tare da lafiyar hanta, kuma idan al'adarta ta fara amma ta ƙi daidaita, ki sanar da likitanta.

A ganina kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne ware yaro shi kaɗai da takunkumin abinci alhali ƙannensa na shan lemun kwalba a gabansa. Gidan ne baki ɗaya zai sauya. A fara da abin sha mai zaƙi, domin shi ne ke shigar da suga mai yawa ba tare da ya ƙosar ba, a ƙara ganye da abinci mai harza, a kuma rage girman kwano ba tare da an bar ta da yunwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa yara da matasa miliyan 160 ne ke da ƙiba mai tsanani a 2022, ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Tsokar da ke aiki tana jan suga ko da insulin kaɗan ne, don haka amfanin yakan bayyana tun kafin sikeli ya nuna sauyi. Ta kuma riƙa samun barcin awa 9 ko fiye, sannan a hana kowa yi mata gori.

Kada ki ba ta shayin rage ƙiba ko maganin bilicin. Akwai maganin ciwon suga mai suna metformin da ake ba yara daga shekara 10, amma likita ne zai yanke ko tana buƙatarsa. Idan kuwa kika ga yawan ƙishirwa, ko tashi fitsari da dare, ko rama ba dalili, ki mayar da ita asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.