Amsar tambayarka kan takunkumi da kayan shiga ɗakin ɗura allura

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ba ma amfani da takunkumin fuska irin na kemis, alhali a ido babu bambanci tsakaninsa da namu, da kuma dalilin da ya sa duk wanda ya fita daga ɗakin ɗura allura, wato ɗakin masana'anta da muke zuba maganin allura a kwalabe, don yin salla ko kama ruwa sai ya sake kaya sababbi daga farko, ko da fitar ba ta daɗe ba. Ka ƙara da cewa tunda matatun iska suna aiki dare da rana, ai ya kamata su wadatar. Gara da ka yi tambayar yanzu, tun ba a ba ka izinin shiga kai kaɗai ba.

Matatar da ke rufin ɗakin, wadda ake kira HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma tsarin da iska ke saukowa a miƙe tana share ɗakin ya samo asali ne daga Willis Whitfield na cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, a farkon shekarun 1960. Aikin matatar yana ƙarewa ne a daidai lokacin da iska ta ratsa ta. Duk abin da ya taso daga jikinka bayan nan ba ta da iko a kansa, kai kuwa kana tsaye ne tsakaninta da buɗaɗɗen bakin kwalba. Fatar ɗan Adam kullum a cikin zubar da ɓawo take, ɓawon da ido ba ya gani, kuma a kansa ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus da Micrococcus suke hawa su yi yawo. Shi ya sa mafi yawan abin da ke tsirowa a farantan gwajinmu, waɗanda muke renon ƙwayoyin cuta a kansu don mu ƙirga su, daga jikin ma'aikata yake fitowa. Kayan da kake sawa an yi su ne don a tsare magani daga gare ka.

Ka duba ƙa'idar da muke aiki da ita. A sashen da ake kira A, wato inda allurar ɗurawa take shiga kwalba, ba a yarda ƙurar da ta kai rabin maikiron ta wuce guda 3,520 a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi ba, kuma ba a yarda ko ƙwayar cuta ɗaya ta tsiro a faranti ba. Haka yake a dokar Tarayyar Turai ta haɗa magungunan allura, wadda aka sabunta a 2022 ta fara aiki a watan Agustan 2023, kuma irin waɗannan abubuwa ne masu binciken NAFDAC suke dubawa idan sun zo.

Tun a 1897 Carl Flügge ya nuna a birnin Breslau cewa magana kawai tana fesa ɗigon miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma a shekarar ce likitan tiyata Mikulicz ya fara rufe bakinsa da ƙyalle a lokacin aiki. Takunkumin kemis jikan wancan ƙyallen ne, kuma yana da amfaninsa a asibiti da kasuwa. Sai dai ana zuba shi ne da yawa a kwali ɗaya, hannu bayan hannu yana shiga, ba a kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ba. Namu kowane ɗaya a cikin ledarsa yake, leda a cikin leda, an bi shi da hasken gamma mai kashe ƙwayoyin cuta, an buga masa lambar rukuni da ranar ƙarewa, ta yadda idan matsala ta taso za a iya bin sawunsa. An yi shi da zaren roba wanda ba ya zubar da gashi, an kuma liƙe gefensa da na'ura maimakon ɗinki, domin kowane hujin allura ƙofa ce. Kafin ka buɗe, ka ɗaga ledar ka duba. Idan ta huje ko ta jiƙe, ka ajiye ta gefe ba tare da shawara da kowa ba.

Amma takunkumi mai kyau a fuskar da ba ta iya sa shi ba asara ce. Ka riƙe shi ta igiya kawai, ka matse ƙarfen hanci da yatsu biyu har ya bi ƙashin, ka ja ƙasan ya shige ƙarƙashin haɓa. Idan ka sa tabarau ka ga yana yin hazo duk lokacin da ka fitar da numfashi, to iska tana fita ta saman hanci, kuma abin da ya dace shi ne ka koma ɗakin shiri, domin gyara shi da hannu a cikin ɗaki ya ɓata safar hannunka. Game da gemu, babu wanda ya ce ka aske. Ka tattara shi a cikin marufinsa, hular da ke sauka har wuya ta rufe shi ruf, kada gashi ko ɗaya ya leƙo. Idan takunkumin ya jiƙe da numfashi ko ka yi atishawa a ciki, aikinsa ya ƙare. Yawan surutu ma yana saurin jiƙa shi, shi ya sa nake hana hira a bakin na'ura.

Shiga kayan yana tafiya ne daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai ƙarancin tsafta zuwa wanda ya fi shi. A ɗaki na farko za ka ajiye agogo da zobe da waya da hula da safar ƙafar gida, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa kayan masana'anta. Kwalli da hoda ba sa shiga. A ɗaki na biyu za ka fara da safar hannu ta farko, sannan hular wuya da takunkumi, sannan rigar da ke haɗe da wando. Nan ne sababbin yara suka fi faɗuwa. Ka kama rigar ta cikinta kawai, ka tattaro hannayenta da ƙafafunta a tafinka kafin ka zura ƙafa, domin idan hannun riga ya sulluɓe ya taɓa ƙasa, rigar ta tashi daga aiki. Ka cusa gindin hular a wuyan riga, ka ja zif har ƙarshe. Dogon takalmi kuwa ƙafa ɗaya ake sawa a tsallaka da ita bencin da ya raba ɓangaren waje da ɓangare mai tsafta, sannan a sa ɗayar, ƙafar wando tana cikin takalmi. Daga nan sai tabarau, sai safar hannu ta biyu wadda za ta hau kan bakin hannun riga. Ka tsaya gaban madubi ka juya, idan ka hango fata ko ta kai faɗin farce, ba ka gama ba.

Da wannan za ka gane dalilin sake kaya bayan fita. An jera ɗakunan ne ta yadda iskar kowanne ta fi ta na bayansa ƙarfi da aƙalla faskal 10 (faskal ma'aunin matsin iska ne), don iska ta riƙa fita waje kada ta shigo. Da ka tsallaka benci ka fita, bayan rigarka ya sha iskar da ba ta kai ta ɗakin ɗurawa tsafta ba, kuma wajen tuɓewa cikin rigar da ya sha zufa dole ya gogi bayanta. Kada ka ce sifirit zai gyara. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari yana kashe ƙwayoyin cutar fata, amma ba ya kashe irin Bacillus idan sun shiga ƙwansonsu, su kuwa a cikin ƙura suke zama, ga shi a lokacin hunturu ƙura tana bin mu har cikin gashin ido. Don haka muke tsara lokacin ɗurawa da lokutan salla tun da safe, mutum ya fita ya yi ibadarsa cikin natsuwa, ya dawo ya buɗe sabuwar leda. Kuɗin riga ɗaya ba komai ba ne a kan kuɗin rukunin magani da za a zubar.

A cikin ɗakin ka yi tafiya a hankali. Riga tana aiki kamar zugazugin maƙeri: duk lokacin da ka sunkuya da sauri ko ka yarfa hannu, iskar da ke jikinka sai ta feso ta wuya da bakin hannu. Iskar da ke saukowa ba ta wuce kimanin rabin mita a daƙiƙa ba, saurin motsinka yana iya karkatar da ita. Kada hannunka ya taɓa ratsawa ta saman kwalbar da ke buɗe.

Idan za ka fita, za a danna yatsunka biyar a faranti, a kuma taɓa hannun riga da ƙirji da hula, a kai ɗakin gwaji a jira kwanaki. A sashen B, wato ɗakin da ke kewaye da sashen A, iyakar abin da aka yarda ya tsiro daga safar hannu ɗaya shi ne guda 5, a sashen A kuwa babu ko ɗaya. Kada ka fesa sifirit dab da gwajin don farantinka ya fito fes, domin hakan ɓoye gaskiya ne, kuma majiyyaci ne zai biya. Allura tana tsallake fata da ciki inda jiki ke da masu tsaro, kai tsaye take shiga jini ko ƙashin baya. A 2012 wata allurar ciwon baya da aka haɗa a jihar Masachuset ta Amurka ta gurɓace da fumfuna, mutum fiye da 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, aƙalla 64 suka rasu. Gwajin ƙarshe da muke yi wa magani yana ɗaukar kwana 14, kuma kwalabe kaɗan ake ɗiba daga cikin dubbai, saboda haka ba zai kama kowace gurɓatacciyar kwalba ba. Ranar da ka tashi da mura ko tari ko ƙurji a fata, ka faɗa mini tun a ƙofa in ba ka aiki a wani sashe, ba za a rage maka komai ba.

Gobe ka zo da wuri, na ware maka tsofaffin riguna da za ka yi atisaye da su a gaban madubi. Sai ka iya shiga rigar sau uku a jere ba ta taɓa ƙasa ba kafin in rubuta sunanka a jerin masu gwajin faranti, kuma ko bayan ka ci, duk shekara za a sake gwada ka kamar yadda ake sake gwada ni.