VCD, DVD ko Blu-ray, wanne za ka buga wa kwastoma?

To yarona, tambayar da ka yi jiya cewa in mutum ya kawo bidiyon da ya ɗauka a gida yana so a sa masa a faifai, wanne ya fi tsakanin VCD da DVD da Blu-ray, ga amsa. Kafin ka taɓa faifai ko ɗaya ka tambaye shi wane inji yake da shi a gida, kuma da me aka ɗauki bidiyon. Faifan da ya fi kowanne kyau in injinsa bai karanta ba aikin banza ka yi, gobe zai dawo maka da shi.

VCD tsohon hannu ne, tun 1993 ya fito, a kan CD na yau da kullum ake buga shi mai megabait 700, yana ɗaukar wajen minti 80. Girman hotonsa ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye ne kawai a PAL, ɗaya daga cikin tsare-tsaren hoton talabijin, shi ya sa a ƙaramar talabijin ta da yake wucewa ba a lura, amma ka sa shi a faffaɗar talabijin ta yanzu sai ka ga fuskoki sun yi dishi-dishi, in mutane suna motsi da sauri hoton ya farfashe gida-gida. Araharsa ce ta riƙe shi, kuma yanzu faifan DVD ma ya yi arahar da bambancin bai taka kara ya karya ba. Ni dai ba na ba da shawararsa sai ga wanda injinsa VCD kaɗai yake ci.

DVD shi ne abokin aikinmu. Gigabait 4.7 a faifai mai hawa ɗaya, 8.5 a mai hawa biyu, hoto 720 da 576, wato ya ninka na VCD wajen sau huɗu. Kuma kusan duk inji yana karanta shi har injin Blu-ray, amma injin DVD ba zai karanta Blu-ray ba ko kusa. To a nan ne yara irinku kuke ɓata aiki, kwastoma ya ce a cusa masa awa huɗu ko biyar a faifai ɗaya don ya rage kuɗi, kai kuma ka ce to, alhali wurin bai ƙaru ba, manhajar matse hoton kawai za ta yi ta rage masa ƙarfi har ya koma kamar VCD ɗin da muke gudu. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi hoto tas, awa biyu ba laifi, in ya haura haka ka raba faifai biyu ka yi masa bayani, wallahi in ya ga bambancin da idonsa shi zai gode maka.

Sannan ka kula da ƙananan abubuwan nan. A cikin faifan DVD da ake bugawa, tsofaffin injuna sun fi shiri da nau'in DVD-R a kan DVD+R, saboda na farkon ya riga fitowa. Kar ka buga da gudun ƙarshe, sassauta shi, faifan ya fi zama lafiya. In da rikoda ka yi aikin ka tabbata ka rufe faifan, wato ka yi masa finalize, umarnin da ke kammala bugun, in ba haka ba a wajenka kaɗai zai yi. Kuma kwafe fayil zuwa faifai daban, haɗa shi a tsarin bidiyon DVD daban, wanda za ka ga ya fito da jakar VIDEO_TS. In faifan Amurka ko Japan za shi, can wani tsarin hoton daban mai suna NTSC suke amfani da shi, Turai kuma PAL, ka juya shi tun a kwamfuta.

Blu-ray kuwa a 2006 ya shigo, gigabait 25 ko 50, hoto 1920 da 1080, lezarsa shuɗiya ce mai siririn haske shi ya sa take rubuta abu da yawa a fili ɗaya. Kyau kam babu magana, sai dai faifan da tsada, injin bugawa da tsada, kuma ba kowane gida ke da injin kallonsa ba. In da kyamarar HD ko waya ta zamani aka ɗauka kuma mutumin yana da injin, buga masa, ya cancanta. Amma wanda ya kawo tsohon kaset na VHS ya ce a mai da shi Blu-ray don ya ƙara kyau, ka faɗa masa gaskiya ba zai ƙaru ba, abin da kyamara ba ta kama ba faifai ba ya ƙirƙiro shi, DVD ya ishe shi har da saura.

Kowanne ka buga, ka gwada shi a injin gida na gaske ba a kwamfuta kaɗai ba, don kwamfuta komai tana ci. Kuma ka ba shi asalin fayil ɗin a filas ko ka ce ya ajiye a wani wuri, faifan da muke bugawa yana karcewa, zafi da rana kuma suna lalata shi.