Maganin Shanu Ba Na Doki Ba Ne: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Mabera: Ina da doki ɗaya da shanu biyu, kaska ta dame su. Na sayo amitraz da allurar ivermectin ta shanu. Zan iya haɗa dokin a ciki don rage kashe kuɗi?

Malam, kada ka kuskura ka wanke doki da amitraz. Saniya tana jure shi, doki kuwa hanjinsa yake kashewa: sai ka ga ya yi lis, ya daina kashi, ciki ya cushe, wani har ya mutu. Ka nemi maganin kaska da aka rubuta doki a jikin kwalbarsa, sannan ka riƙa duba cikin kunne, gindin wutsiya da tsakanin cinyoyi, nan kaska ke maƙalewa.

Allurar ma ka bar wa shanun. Idan aka soka ta a tsokar doki tana iya jawo kumburi mai ruɓar da nama. Ivermectin na doki, wato maganin tsutsar ciki, shi ne mai kauri da ake matsawa a baki, miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyinsa. Jikin sirinjin yana da alamar kilo, sai ka murɗa zoben zuwa nauyin dokinka. Ka tabbata babu abinci a bakinsa, ka zura ta gefen da linzami ke zama, ka matsa a kan harshe can ciki, ka ɗaga haɓarsa har ya haɗiye. Rage awo don magani ya kai wa biyu shi ke sa tsutsa ta saba da shi. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ya sha rana a tiren talla kuwa, asarar kuɗi ce.

Tambaya daga Wamakko: Zan sayi doki don hawan Sallah. Me zan duba?

Ɗan'uwa, fara da baki. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Doki mai shekara 5 ya gama canji. Dasashi ya zama ja-ja mai danshi, fari ko rawaya alamar ciwo ce. Sa a ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri ba sirdi, domin yashi yana ɓoye ɗingishi, sirdi kuma yana ɓoye gyambon baya. Ɗaga kofato huɗun ka shinshina, wari da baƙin ruwa ruɓa ne. Zafin jikin lafiyayye digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. In kuɗin masu yawa ne, kira likita daga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya duba kafin ciniki ya faɗa. In dokin ya shigo gida, a ware masa turkensa na mako biyu, a yi masa rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki.

Tambaya daga Bodinga: Dokina yana yawan ciwon ciki da bazara. Wane magani zan ajiye?

Kwami za ka saya kafin magani. Dokin da ake zuba wa harawa da dusa a kan yashi yana haɗiye ƙasa, ta taru a hanji. Da zafin Sakkwato yana iya shan lita 40 ko fiye a yini, don haka kada ruwa ya yanke a gabansa. Gero a raba shi kashi uku, kada a jibga masa lokaci guda. In ya fara tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa yana birgima, kwashe abincin, ja shi a hankali, kira likita. Kada a ɗura masa mai ko kanwa da kwalba, yana iya shiga huhu.